Za mu ƙwanƙwasa ƙofofinku da tambaya kan haɗuwarku da 'yan sanda

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin masu aikin sa-kai na ƙungiya, ɗan kasuwa, ya yi a madadin kwamitin jin daɗin jama'a a zaman iyaye da aka yi bayan sallar La'asar a Bronx. Mun buga shi domin waɗanda aiki ya hana su zuwa.



Malam Liman, Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, Magajiya, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, barkanku da yamma, sannunku da zuwa. Mun san wasu sun rufe shago da wuri, wasu sun ajiye mota a daidai lokacin da fasinja ya fi yawa. Allah ya mayar muku da alheri. In sha Allahu ba za mu riƙe ku har Magariba ba.

Kun saba ganinmu a ƙofarku da buhun shinkafa a watan azumi, ko da littafin kuɗin jana'iza. Daga mako mai zuwa za ku gan mu da wani abu daban, takarda mai shafi biyu da biro. Za mu tambaye ku ko kun haɗu da 'yan sanda a cikin wata 12 da suka wuce, da yadda haɗuwar ta kasance. Mun san tambaya ce da ba a son ji. Shi ya sa muka ce kafin mu taɓa ƙofar kowa sai mun zo gaban manya, mun faɗi dalili, mun nemi izini.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Wasu shekaru da suka wuce, mu huɗu muka haɗa kuɗin mai, muka loda atamfa da shadda da turare a mota, muka tafi cin kasuwa a wata jiha. A hanyar dawowa, wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka tsayar da mu. An ce fitilar baya guda ta mutu, kuma gaskiya ne ta mutu. Sai aka ce mu fito. Aka zaunar da mu a bakin titi cikin sanyi. Ƙaramin cikinmu ya sa hannu a aljihu zai ciro waya, nan take aka danna shi jikin mota aka sa masa ankwa. Aka kwance ƙunshin kayanmu ɗaya bayan ɗaya a kan ciyawa mai raɓa. Bayan kusan awa ɗaya aka cire ankwar, aka ba direba takardar gargaɗi, aka ce mu tafi. Muka kwashe kaya muka kamo hanya, har muka iso gida ba wanda ya ce uffan. Da gari ya waye muka ce alhamdu lillahi, tunda ba a rasa rai ba. Matanmu ba su ji ba, Liman bai ji ba.

Sai bara, a wajen walimar suna, magana ta jawo magana, ɗayanmu ya ba da labarin. Kafin a ɗauke faranti, kusan duk wanda ke kan tabarmar nan ya ba da nasa: direban tasi, mai tebur a Fordham Road, yaro mai kai abinci a keken batir. Wani labarinsa na ɓacin rai ne, wani kuma cewa ya yi ɗan sanda ne ya ceci matarsa ranar da naƙuda ta kama ta a tashar jirgi. Kowa ya yi shekaru yana zaton shi kaɗai ne. A ranar muka gane cewa mu kanmu ba mu san halin da jama'armu ke ciki ba.

Mu 'yan kasuwa ne, abin da muka sani shi ne littafi. Bashin da ba a rubuta ba, ranar biya gardama ce, kuma mai ƙarfin murya ke cinye ta. Hukuma a ƙasar nan haka take aiki. In ka je ofishin ɗan majalisar birni ka ce ana takura wa yaranmu, zai tambaye ka mutum nawa, yaushe, a wane titi. In ba ka da amsa, za a ba ka kujera da ruwan sha, a ɗauki hoto da kai, a raka ka ƙofa da murmushi.

Ita kanta Amurka ta daɗe ba ta da wannan littafi. A watan Maris na 1991 wani mutum a Los Angeles ya ɗauki bidiyo daga barandar gidansa, lokacin da 'yan sanda ke jibgar Rodney King da kulki. Duniya ta gani. Da kotu ta sallame su a 1992, gari ya kama da wuta, mutum fiye da 50 suka mutu. Tambayar da ta taso ita ce, sau nawa irin wannan ke faruwa a shekara? Ba wanda ya iya amsawa, domin ƙasar tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, na birni da na gunduma da na jiha, kowacce da littafinta. Sai a babbar dokar yaƙi da laifuka ta 1994 aka sa wani sashe da ya ɗora wa Antoni Janar na ƙasa nauyin tattara bayani kan amfani da ƙarfi fiye da kima.

Hanyar tattarawa biyu ce. Ko ka tambayi ɗan sanda abin da ya yi, ko ka tambayi mutumin da aka yi wa. Ta farkon ta yi tafiyar hawainiya. Sai a watan Janairu na 2019 hukumar FBI ta buɗe rumbun karɓar irin wannan rahoto daga hukumomin 'yan sanda, kuma aikawa ba dole ba ce, ganin dama ce. Ta biyun ita ce ta shafi zamanmu na yau. Dama tun 1973 akwai wani bincike da hukumar ƙidaya ke yi wa ma'aikatar shari'a, ana bi gida-gida ana tambayar mutane ko an yi musu sata ko fashi ko duka, sun kai ƙara ko ba su kai ba. Shi ne ya nuna cewa wajen rabin laifukan cin zarafi, wasu shekarun ma fiye, ba sa isa caji ofis. Sai aka ɗora masa wasu tambayoyi game da haɗuwa da 'yan sanda, ga duk wanda ya kai shekara 16. An yi gwaji a 1996, an yi cikakke a 1999, tun daga nan ana maimaitawa duk bayan 'yan shekaru.

Ga abin da na 2018 ya nuna. Mutum miliyan 61.5, wato kashi 24 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 16, sun yi wata mu'amala da ɗan sanda a cikin shekara guda. Waɗanda su suka nemi 'yan sanda da kansu, don kai ƙara ko neman taimako, sun fi waɗanda aka tsayar yawa. Wannan mu riƙe shi, adalci ne. A cikin duk waɗanda suka yi mu'amalar, kashi 2 cikin 100 sun ce an yi musu barazana da ƙarfi ko an yi amfani da shi a kansu, kamar ankwa, tunkuɗa, duka, ko nuna bindiga. Kashi 2 ƙaramin abu ne a baki, amma in ka buga lissafi mutum ne fiye da miliyan 1. Kuma rabon bai zo daidai ba: a cikin baƙaƙe kashi 4 ne, a cikin 'yan asalin Latin Amurka kashi 3, a cikin farare kashi 2. Ba wani ɗan siyasa ne ya faɗi wannan ba. Mutane ne a falonsu aka tambaye su, suka amsa, aka tara.

To, ina mu a ciki? Muna nan a ƙarƙashin kalma ɗaya, baƙi. Wanda kakanninsa suka yi shekara 300 a Carolina, da wanda ya sauka daga Kumasi ko Yamai ko Kano shekaranjiya, layi ɗaya aka sa su a rahoton. Rahoton ba zai gaya maka halin direban da Turancinsa na kasuwa ne kawai ba, ko na Hajiyar da ba ta gane abin da ake daka mata tsawa a kai. Ba a yin tambayoyin da Hausa. Ba a zuwa kurkuku, ba a tambayar wanda ke kwana a titi. Kuma matacce ba ya amsa tambaya.

A shekarar da aka fara cikakken binciken nan, ran 4 ga Fabrairu 1999, a titin Wheeler da ke Soundview, nan cikin Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka yi harbi 41 a kan Amadou Diallo a ƙofar gidansu, harsashi 19 ya same shi. Ɗan Gini ne, shekararsa 23, ɗan tebur irinmu, yana sayar da safa da safar hannu da kasakasan bidiyo a titi na 14 a Manhattan. Abin da ya ciro daga aljihu walat ne. A watan Fabrairu na 2000 kotu a Albany ta sallami duka huɗun. Ran 22 ga Mayu 2003 kuma, a wani rumbun ajiyar kaya a Chelsea, aka harbe Ousmane Zongo, ɗan Burkina Faso, mai gyaran kayan sassaƙa da kayan kiɗa na Afirka, ba makami a hannunsa. Zongo sunan danginsu ne, amma duk ɗan zango da ya ji sunan a rediyo sai da gabansa ya faɗi. A nan an samu ɗan sandan da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2005, ko da yake bai shiga kurkuku ba. Allah ya jiƙansu. Wasu da ke zaune a nan suna garin nan lokacin da abin ya faru, sun fi mu sanin yadda unguwa ta kasance.

Iyayenmu na Kumasi kuma ba su manta watan Yuli na 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka kashe samari bakwai 'yan Asawase a Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Zango ya tsaya kai da fata ya ce ya san 'ya'yansa. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka biya kowane gida diyyar sidi 250,000. Abin lura a duk waɗannan shi ne, sai an rasa rai ake jin muryarmu. Ƙananan abubuwan da ke faruwa kullum kafin a kai ga gawa, tsayarwa da lalube da ankwa da tsawa, ba wanda ke ƙirga su a cikinmu.

Ƙirga kuwa tana aiki, mun gani da idonmu a birnin nan. Bayan kisan Diallo lauyoyi sun kai birnin New York ƙara a kan yadda ake tsayar da mutane a titi ana lalube su. Sulhun da aka yi a 2003 ya sa dole a riƙa miƙa bayanan fom ɗin da ɗan sanda ke cikewa in ya tsayar da mutum. Da aka tara, sai ga shi a 2011 kaɗai an yi tsayarwa 685,724. Kusan 9 cikin 10 an sake su ba kamu ba sammaci, kuma mafi yawansu baƙaƙe ne da 'yan Latin. Ran 12 ga Agusta 2013 Mai Shari'a Shira Scheindlin ta kotun tarayya ta yanke hukunci cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Da matsin jama'a da wannan hukunci, zuwa 2016 adadin ya sauko 12,404. An yi ta cewa gari zai lalace, amma kisan kai a birnin ya ragu daga 515 a 2011 zuwa 292 a 2017. Shekara da shekaru iyaye mata suna kuka cewa ana tare 'ya'yansu a hanyar makaranta, ana ce musu labari ne. Da lissafi ya fito, alƙali ya saurara.

Hajiyoyinmu, ga naku misalin. A 2018 mata biyu Musulmi suka kai ƙara saboda an tilasta musu cire hijabi don ɗaukar hoto bayan an kama su. A 2020 aka canja ƙa'idar, a 2024 birnin ya amince ya biya dala miliyan 17.5 ga su da dubban mutanen da aka yi wa irin haka. Da su biyun sun haɗiye abin don kunya, da har yau ana yi.

Amma wancan fom na tsayarwa littafin ɗan sanda ne, shi ya rubuta da hannunsa. Mai sa ido da kotu ta naɗa ya sha kawo rahoton cewa ba kowace tsayarwa ake rubutawa ba. Kuma ba gurbi a fom ɗin da za a rubuta cewa yaro ya daina bin wani titi zuwa makarantar Islamiyya tun ranar da aka jingina shi da bango. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai shago yana da littafinsa, mai saye ma ya kamata ya riƙe nasa.

Mun san abin da ke ranku, domin mun ji shi tun muna shirin nan. Wani dattijo ya ce mana, duk mai takarda da biro a ƙofar masallaci ɗan leƙen asiri ne. Ba mu ga laifinsa ba. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona cewa akwai wani sashe na 'yan sandan birnin nan da ke bin masallatai da shagunan cin abinci na Musulmi yana rubuta wanda ya shiga da abin da aka ce. A 2012 wani babban jami'insu ya amsa bisa rantsuwa cewa aikin sashen bai taɓa kai su ga binciken ta'addanci ko ɗaya ba, kuma a 2014 aka rufe shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Saboda haka ga alkawarinmu a gaban Liman. Ba suna a takardar. Ba adireshi, ba lambar waya. Ba za mu tambayi kowa takardun zamansa ba, kuma in mutum ya fara faɗa mana za mu dakatar da shi. Da hannunka za ka jefa takardar a akwati mai kwaɗo, mabuɗin yana wurin Liman. In an gama ƙirga, a gaban shaidu za a lalata takardun. Wannan aiki namu ne, da kuɗin biro da takarda daga aljihunmu, ba wata hukuma da ta aiko mu.

Wani kuma ya ce, mu baƙi ne, nema ya kawo mu, baƙo ba ya ƙorafi a gidan mutane. Alhaji, da girmanka, wannan magana ta dace da mu da muka zo da jaka ɗaya. 'Ya'yanmu da aka haifa a asibitocin Bronx ba baƙi ba ne, nan ne garinsu. Ɗan sandan da ya hango su da dare ba ya ganin jikan Sarkin Zango ko mahaddacin izu goma, saurayi baƙi yake gani da hula a ka. Haƙurin da muka yi a bakin titi a daren nan, mun yi shi don kanmu, Allah ya ba mu lada. Sai dai shirun da muka yi bayansa bai kare kowa ba, kuma yaran nan ne ke bin hanyar yanzu.

Na uku ita ce kunya. A wurinmu, a ce an sa wa ɗan gidan wane ankwa abin magana ne har Nima da Sabon Zango, yana iya ɓata maganar aure. Shi ya sa yaro ba ya faɗa wa uwarsa, domin ya san tambayar farko ita ce, me ka je yi can? Iyaye, muna roƙonku da girman Allah, in samarinmu sun zo, ku bar yaran da suka kai shekara 16 su amsa su kaɗai a wani ɗaki. Kada ku tsaya a bakin ƙofa, kada ku tambaye su daga baya abin da suka rubuta. Mata za su tambayi mata, maza su tambayi maza, samari su tambayi samari. Za a yi da Hausa, ko Turanci, ko Faransanci, in akwai buƙatar Zabarmanci ko wani harshe ma muna da masu ji.

Tambayoyin ba su da yawa, ba za su wuce minti 15 ba. A wata 12 da suka wuce, ka yi mu'amala da ɗan sanda? Sau nawa? Kai ka neme su ko su suka tsayar da kai? Kana tuƙi ne, ko kana tafiya a ƙasa, ko kana kan tebur, ko a tashar jirgi, ko a gida? An faɗa maka dalili? Ka fahimci abin da aka ce, in ba ka fahimta ba an nemo maka tafinta? An lalube ka ko motarka, kuma an nemi yardarka kafin a yi? An yi maka tsawa ko zagi, an tunkuɗa ka, an sa maka ankwa, an fesa maka barkono, an nuna maka bindiga ko ta lantarki? Ka ji ciwo? An taɓa hijabi ko hula ko carbi? A ƙarshe me ya faru, tikiti, sammaci, kamu, ko sallama? A ganinka an yi maka adalci? Ka kai ƙorafi, in ba ka kai ba me ya hana ka? Gobe in ɓarawo ya shigo gidanka, za ka kira su?

Ba mu tsinci tambayoyin nan a iska ba. Tun watan Oktoba na 2018 akwai doka a birnin nan da ta ce a wasu irin tsayarwa ɗan sanda ya faɗi sunansa da dalilinsa, ya ba da kati mai sunansa da lambarsa, kuma in laluben na neman yarda ne ya sanar da kai cewa kana da ikon ƙi. Akwai kuma dokar 2017 da ta zaɓi harsuna 10 da hukumomin birni za su riƙa fassara takardu da su. Faransanci da Larabci suna ciki, Hausa ba ta ciki. Muna so mu san ko dokar farko tana isowa titunanmu, da kuma abin da rashin harshenmu ke jawo mana.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci. Wanda zai sayi buhun masara ba ya duba saman buhu kawai, domin ya san nan ake zuba mai kyau, sai ya zura hannu har tsakiya. In muka tambayi masu ƙorafi kaɗai, mun duba wuri ɗaya ke nan, kuma duk wanda muka kai wa sakamakon zai yi watsi da shi, da gaskiyarsa. Don haka ba mu za mu zaɓi gidajen da muke so ba. Za mu ɗauki jerin gidajen da ke littafin ƙungiya, masu bayarwa da masu karɓa, a yi ƙuri'a a nan gabanku. In gidanku ya fito kuma ba abin da ya taɓa haɗa ku da ɗan sanda, kada ku ce mu wuce gaba. Amsarku ta "babu" nauyinta ɗaya da ta wanda aka sa wa ankwa, domin da ita za mu san ko mutum 1 cikin 5 abin ke samu ko 1 cikin 50. Wanda gidansa bai fito ba kuma yana da labari, ƙofarmu a buɗe take, za mu rubuta nasa a wani littafi daban.

Kuma a faɗi gaskiya. In an kyautata maka, ka faɗa. A cikin 'yan sandan nan akwai Musulmi, akwai 'ya'yan Afirka ta Yamma, wasu a sahu ɗaya muke sallar Juma'a da su. In kai ne ka tsallake jar danja, ka faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada a ƙara gishiri, kada a ba da labarin wani a matsayin naka, kada a jawo abin shekara biyar a sa shi cikin bana. Ƙarya ɗaya in aka kama ta, ta ɓata gaskiya ɗari. Malam Liman ya fi mu sanin abin da addini ya ce a kan mai ɓoye shaida, da kuma wajabcin yin adalci ko ga wanda ranka ba ya so. Abu ɗaya za mu ƙara: in kana da shari'a a kotu yanzu, kada ka ba mu bayanin abin da ya faru. Wannan tsakaninka da lauyanka ne, in ba ka da shi mu nuna maka inda ake samun na kyauta.

Wataƙila kuma wata rana wasiƙa ta zo gidan ɗayanku daga hukumar ƙidaya, wadda za ku ga an rubuta Census Bureau a kanta, cewa an zaɓi adireshinku a wancan babban bincike na ƙasa. Kada a jefa ta a shara don tsoro, ku kawo a karanta muku. Gidan da aka zaɓa ana tuntuɓarsa duk wata 6, har sau 7. Ma'aikacin yana da katin shaida mai hotonsa, ba ya neman kuɗi ko lambar asusun banki, wanda ya nemi wannan ɗan damfara ne. Doka ta hana shi bayyana amsarka, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000. Akwai tambaya a ciki kan ko mutum ɗan ƙasa ne. Amsawa ba dole ba ce, kana iya tsallake duk tambayar da ba ka so, kowa ya auna halinsa. Amma wanda ya amsa, bakinsa yana tsayawa a madadin dubban mutane.

In Allah ya kai mu ƙarshen aikin, bayan mako shida, ku za ku fara jin sakamako, a wannan ɗaki da kuma a wannan mujalla. Bayan nan Sarkin Zango da Liman da Magajiya su za su yanke inda za a kai shi. Shawararmu ita ce a fara da taron da kowane caji ofis ke yi da mutanen unguwa wata-wata, wanda kowa na iya shiga amma da wuya ka ga ɗan zango a wurin. Sai ofishin ɗan majalisarmu na birni. Sai hukumar farar hula mai karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda, CCRB, wadda ake samu ta lambar 311, mu gayyace su su zo su yi mana bayani da tafinta. In sakamako ya nuna lafiya lau ake zaune, za mu je mu yi godiya da takarda a hannu. In ya nuna akwai titi ko lokaci ko sana'ar da abin ya fi shafa, za mu je mu faɗa, nan ma da takarda a hannu. Baɗi kuma mu sake tambaya, mu ga ko an samu canji.

Samarinmu, kafin mu zauna: bakin titi ba wurin gardama ba ne. Hannu a fili, kada a sa shi aljihu sai an faɗa, kada a gudu. Ka riƙe lokaci da wuri da lamba a kai, ka dawo gida lafiya, sannan a rubuta.

Abin da muke nema yau shi ne izinin manya, da mutum 12 masu aikin sa-kai, shida mata shida maza, rabinsu matasa. Takardar sa suna tana wurin ƙofa, ita kaɗai ce takarda mai suna a duk aikin nan. Wanda ke da tambaya ko gyara, ga mu nan zaune har a kira salla.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a fita da dawowa, ya ba masu tsaron gari ikon yin adalci, ya zaunar da mu lafiya a inda muke da inda muka fito. In mun yi kuskure a magana, manya su yafe mana.